Ɗan lise da kamara a wuya: tambayoyin da matasan Damagaram ke yi mini kan sana'ar hoto

Da wuya mako ya wuce ban ga wani yaro da jakar lakwal ya tsaya bakin shagona ba, ya yi sallama, ya yi ta kallon hotunan da na manna a bango kafin ya iya furta abin da ya kawo shi. Ni ma haka na tsaya a ƙofar wani, ina ajin sagwan, shekarar farko ta lise, ban san ko ta ina ake riƙe kamara ba. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na tara su a nan. Wasu amsoshin ba za su yi muku daɗi ba, ƙannena, amma gara ku ji daga bakina da ku ji daga bakin uwar amarya.

Yaya, ba ni da kamara, waya kawai gare ni. In jira har in samu kuɗi?

Kada ka jira. Wayar da ke aljihunka ta ishe ka koyon abu uku da suka fi kamara tsada: ganin inda haske yake faɗowa, sanin inda za ka tsaya, da haƙurin jiran lokacin da fuskar mutum za ta saki. Seydou Keïta na Bamako, wanda yau hotunansa ke rataye a manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka, ɗan kafinta ne, kuma da ƙaramar Kodak Brownie da kawunsa ya ba shi a 1935 ya soma. Sai 1948 ya buɗe shagonsa. Ka lissafa shekarun da ke tsakani.

Abin da nake sa yarana su yi shi ne: mutum ɗaya, wuri ɗaya, mako guda. Ka ɗauki kakarka tana tankaɗe, ko mai shayin fadarku, da hantsi, da azahar, da la'asar sakaliya. Ranar bakwai ka jera hotunan ka duba. Za ka ga ba ita ta sauya ba, rana ce. Kuma ka goge idon wayar da gefen rigarka kafin kowane ɗauka, rabin hotunan da ake cewa "waya ce ba ta da kyau" maiƙon yatsa ne.

Idan Allah ya hore, wace kamara zan saya?

Ta hannu, ba sabuwa ba. Irin su Canon 600D ko Nikon D3200 sun tsufa a wajen masu kuɗi, amma har gobe suna cin biki. Yawancinsu daga Kano suke shigo mana. Kada ka aika a sayo maka ba ka gani ba. Ka je da wanda ya san kan abin, ko ka saya wajen mai hoton da ke garin nan, wanda in ta ba da matsala ka san ƙofar gidansa.

Ka tambayi sau nawa ta harba, wato hoto nawa ta ɗauka tun tana sabuwa. Ƙananan kamarori irin D3200 an yi su ne su kai wajen harbi 100,000, to wadda ta riga ta ci 90,000 tsohuwa ce ko da jikinta na sheƙi. Ka ɗauki hoton farin bango ka duba ko akwai ɗigo-ɗigo. Ka haska tocila cikin idon kamarar, wanda muke kira objektif, ka ga ko akwai wani abu kamar saƙar gizo a ciki. Ka nemi batir biyu.

Idon 18-55 da ke zuwa tare da ita ya isa farawa, shi ne ma ke aiki a ƙananan ɗakunanmu inda ba wurin ja da baya. In ka ƙara samun kuɗi, ka sayi 50mm f/1.8. Yana da araha, yana shan haske ko a zaure mai duhu, kuma yana narkar da bayan mutum har kwanukan da ba a wanke ba su ɓace.

Wajen wa zan koya? Ba bidiyon intanet ya isa ba?

Bidiyo zai koya maka maɓallai. Ba zai koya maka yadda ake shiga gidan biki ba: wa ake fara gaisarwa, ina namiji yake tsayawa ya aika a yi masa iso, wace gwaggo ce in ba ka ɗauke ta ba za a ce aikinka bai yi ba. Wannan sai a bayan wani.

Ka nemi ubangida. Ka je da babanka ko yayanka ya damƙa ka, kamar yadda ake kai yaro wajen tela ko makaniki. Watannin farko ba za ka taɓa kamara ba. Jaka za ka riƙe, da fitila, da farin kwalin da ake mayar da haske, kai ne kuma ɗan aike zuwa wajen wankin hoto. Kada ranka ya ɓaci. Mai riƙe fitila shi ya fi kowa ganin abin da haske ke yi wa fuska, don ba ruwansa da maɓalli, kallo kawai yake.

Lambobin nan na jikin kamara suna rikita ni. Dole ne in san su?

Uku ne kawai, kuma duk maganar haske ce. Buɗin ido shi ne lambar da ke bayan harafin f: ƙaramar lamba, babban buɗi, haske da yawa, baya kuma ya dushe. Saurin ƙifta shi ne irin 1/125 ko 1/1000 na daƙiƙa: mutum a tsaye 1/125 ya isa, doki a guje yana son 1/1000. ISO kuma ƙarfin jin hasken kamara ne: 100 a tsakar rana, 1600 ko 3200 a cikin ɗaki, sai dai duk yadda ka ɗaga shi hoton na ƙara yin tsakuwa-tsakuwa.

In ka ƙara ɗaya, sai ka rage ɗaya. Ɗan seri C ko D, masu lissafi da kimiyya, zai gane wannan cikin kwana biyu. Ɗan seri A, masu adabi, cikin mako, amma sau da yawa shi ya fi iya sa mutum dariya.

Me ya sa in mutum ya sa farar shadda fuskarsa ke fitowa baƙi ƙirin?

Wannan ita ce jarrabawar mai hoto a ƙasarmu. Kamara tana auna hasken wuri gaba ɗaya ta nemi tsaka-tsaki. Ta ga farar shadda da ta sha bugu tana walƙiya a rana, sai ta rage haske don kada rigar ta ƙone, fuskar Alhaji kuwa ta nutse. Ga hula ko rawani ya ƙara jefa inuwa a kan idanu.

Maganin farko ba a cikin kamara yake ba: ka fitar da mutumin daga rana. Bakin zaure shi ne wurin da na fi so a duniya. Ka tsayar da shi taku ɗaya daga cikin ƙofa yana fuskantar waje, kai kana waje. Hasken da ƙasa ta mayar yana shiga fuskarsa a hankali, bayansa duhu, aikin zaren wuyan rigar ya fito ɗaya bayan ɗaya. Na taɓa ɗaukar wani dattijo haka a Birni, tsohuwar unguwar fada, da ya ga hoton sai ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ashe haka na yi kama da mahaifina." In ba zaure, inuwar bedi ko ta katanga. In dole sai a rana, ka ƙara haske da rabi ko ɗaya a maɓallin +/-, ko ka kunna filasha ko da rana ce, don ta cike inuwar.

Ka kuma yi hattara da rumfunan biki masu launi. Jar rumfa tana mayar da kowa ja, shuɗiya ta mayar da amarya kamar marar lafiya. Ka roƙi a fito da ita gefe minti biyu.

Ina zan je in gwada hannu a garin nan?

Wanda aka haifa a Damagaram bai da hujjar cewa ba abin ɗauka. Ka shiga lungunan Birni da sassafe, lokacin da rana ke zuwa a kaikaice tana fito da zanen da magina suka yi a fuskokin gidaje, da zankwayen da ke kan soraye. Da tsakar rana zanen nan ɓacewa yake, bango ya zama fili. Ga duwatsun nan manya da Allah ya jibge a tsakiyar gari, yara na hawa da yamma. Ga tsoffin gidajen fatake a Zango. Ga gine-ginen zamanin da garin nan yake hedikwatar mulkin Faransa a Nijar, kafin a mayar da ita Yamai a 1926. Ranar Alhamis Kasuwar Dole ta cika; ranar Lahadi, in kana da kuɗin mota, Mirya ba nisa.

Hawan sallah a ƙofar fada shi ne makarantar sauri. Dogarai da jajayen kaya, ƴan bindiga, algaita da kakaki, mahaya suna zuwa jahi a guje su ja linzami ƙura ta tashi. Ka je da wuri, ka sa rana a bayanka, ka tsaya inda dogari ya ce ka tsaya. Haka hawan ƙaho, sai dai a can ka san hanyar gudu kafin ka sa ido a kamara, don sa ba ya tambayar wane ne mai hoto.

Akwai abin da nake son ku riƙe. A farkon Satumban 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin ƙasa na Birni, wanda yake tsaye tun ƙarni na 19. Sau nawa na wuce ta gabansa da kamara a jaka, ina cewa wata rana zan zo in zauna masa da kyau? Abin da nake da shi yanzu hotuna huɗu ne, biyu ma a bayan wani ango yake. Ginin ƙasa ba ya jiran mai hoto ya shirya. Kowace damina wani soro yana tafiya, wani kuma a rushe shi a sa bulo.

Inda ba a ɗauka: barikin soja, shingen jami'an tsaro, motocinsu, filin jirgi. Ba a gardama a kan wannan, musamman a halin da ƙasa take ciki. A kasuwa kuma, ka yi sallama ka nemi izini. Wanda ya ce a'a, ka yi godiya ka wuce.

Ta yaya zan samu aikin farko na kuɗi?

A ajinku yake. Lokacin haɗa takardun jarrabawar BEPC da Bak kowa na neman ƙananan hotuna. Farin ƙyalle, inuwa mai kyau, da sanin girman da ake so, shi ke nan. Sai hoton aji na ƙarshen shekara, da wasan ƙwallon unguwa, da walimar saukar Alƙur'ani, da suna. Teloli masu son nuna ɗinkinsu, mata masu sayar da turaren wuta da atamfa ta WhatsApp, dukawa masu jakunkuna da takalma: duk suna buƙatar hoto mai kyau, kuma aikinsu ba ya guduwa, in ka ɓata ka sake.

Aure kuwa, kada ka karɓa kai kaɗai sai ka bi ubangidanka aƙalla sau goma. Ana iya sake ɗaukar takalmi. Ba a sake kamu.

Nawa zan ce a biya ni? Kuma yaya zan yi da dangi masu cewa "ai ɗanmu ne"?

Ka fara da abin da aikin zai ci. A ce suna ne: kabu-kabu zuwa da dawowa jika 1, wankin hotuna 30 a kan sefa 150 kowanne jika 4 da rabi, kuɗin intanet na turawa sefa 500. Jika 6 ke nan, ba ka ci ko dala ba. Sai ka ɗora ladan wuninka da na daren da za ka kwana kana gyara, ka kuma ware wani abu na ranar da batir zai mutu. Ka tambayi manya abin da suke karɓa. Ka yi ƙasa da su kaɗan don kai sabo ne, amma kada ka karya kasuwa. Garin ƙarami ne, gobe wajensu za ka je aron fitila.

A yi magana a gama kafin ranar: hoto nawa, wanki ko turawa, yaushe za a karɓa. Ka rubuta a saƙo don ya zama shaida. Ka karɓi kafin alƙalami, rabi in zai yiwu. Amma ka sani, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ranar da ka karɓi kuɗin nan ka sayar da wuninka, ko da abokanka sun shirya fita.

Dangi kuwa, ga dabarar da ta fisshe ni. Nakan ce, "Inna, aikin hannuna kyauta ne, gudummawata ke nan, amma mai wanki ba ɗanku ba ne." Ba wadda ta taɓa jin haushi.

Wane kuskure ne ya fi ba ka kunya?

Ina ajin farmiye. Maƙwabciyarmu ta aurar da ƴarta ta fari, ta ce ni zan yi hoto, don ta yarda da tarbiyyar gidanmu. Ana gobe biki na sayi katin memuwar a wajen wani mai tebur a bakin titi, an rubuta 32 GB a jiki, kuɗinsa rabin na shago. Na ji na yi wayo. Na yi kamu, na yi wuni, na bi har kai amarya. Kamara tana nuna hotuna suna shiga. Da dare na sa katin a kwamfutar ubangidana, hotunan farko wajen 200 suka buɗe, sauran duk toka-toka. Katin jabu ne, cikinsa bai kai abin da aka rubuta ba, sai ya riƙa haɗiye na baya.

Da safe mahaifiyata ta sa mayafi ta raka ni. Hajiya tana zaune a tabarma tana ware goron da ya rage. Na durƙusa na faɗa mata. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce, "Har wanda kakarta ta riƙe mata hannu?" Na ce har shi. Ta ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri," ta ci gaba da ware goronta. Tsohuwar ba ta kai wata sallar ba.

Tun daga ranar: kati daga shagon da na sani, in cika shi da hotunan banza in gwada kafin in kai shi aiki, ƙananan kati biyu maimakon babba ɗaya, kuma ba na goge komai sai hotunan suna wuri biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hoton amarya ya yi kyau ƙwarai. In sa a Facebook ko TikTok don in samu masu aiki?

Sai da izininta, da na mijinta, a fili, ba "ai ba za su damu ba". Nan ne yara da yawa suke kashe sana'arsu tun ba ta tashi ba. Ka gane abin da ake ba ka in an ce ka shigo cikin gida: matan da ba ka taɓa ganin kansu a buɗe ba suna rawa a gabanka, don an ɗauka kai ɗan gida ne mai riƙon amana. A Damagaram kafin a tambayi wace kamara gare ka, tambaya ake ɗan wane ne, kuma bakinsa da wayarsa suna da linzami? Hoto ɗaya ya fita ba da izini ba, kafin magariba ya zaga fada goma, aure na iya girgiza, kuma ba kai kaɗai za a kira ba, har mahaifinka.

Ga doka kuma. Tun 2019 Nijar tana da dokar hukunta laifukan intanet, akwai kuma hukumar HAPDP mai kare bayanan mutane, hoton mutum kuwa yana cikin bayanansa. Kada ka bar abokai su riƙa lilo da yatsa a cikin kamararka. Kada ka kai waya gyara da hotunan mutane a ciki.

Don talla, ka yi amfani da hotunan gine-gine, dawakai, kayan teloli, da abokan da suka yarda. Ka sa sunanka ƙarami a gefe. In wata ƙungiya ko jarida ta ɗauki hotonka ba ta tambaye ka ba, kana da haƙƙi, BNDA ce ofishin da ke kula da haƙƙin masu fasaha.

Ni mace ce. Sana'ar nan ta karɓe ni?

Ƙanwata, ke ce ma kasuwa ke nema. Sa lalle, kwalliyar amarya, ɗakin mai jego, duk wuraren da ni sai dai in tsaya a zaure in miƙa wa wata yarinya kamara in yi addu'a. Gidaje da yawa za su fi sakin jiki da ke. Ki samu yardar gida, ki tafi da ƙaninki ko ƙawarki, ki sa sharaɗin lokacin tashi tun wajen ciniki.

Baba ya ce wannan shiririta ce, wani kuma ya ce hoto haramun ne.

Maganar hukunci ta malamai ce, sun yi bayani a kai kuma ba bakinsu ɗaya ba. Ka tambayi malamin da gidanku ke bi. Maganar Baba kuwa, tsoronsa biyu ne: karatu da yawon dare. Ba da baki ake cire su ba. Ka kawo masa sakamakon zango bai faɗi ba, ka dawo gida lokacin da ka ce, ka ɗauke shi hoto mai kyau ranar Juma'a ka wanke babba. Nawa baban bai taɓa cewa ya yarda ba, sai dai na ji shi yana gaya wa baƙo, "Yaron nan ne ya ɗauka."

Zan iya haɗa aiki da shirin Bak?

A sagwan da farmiye, ƙwarai, in ka tsaya a Asabar da Lahadi da hutu. A tarminal, daga watan Maris ka rufe kamara a akwati ka ba Inna makulli. Taura biyu ba ta taunuwa. Na san za a kira ka, na san kuɗin na da daɗi, amma bukukuwa ba za su ƙare ba, ga babban hutu nan tafe. Kuma ayyukan da suka fi tsoka, na ƙungiyoyi da ma'aikatu, suna zuwa ne da takarda: a rubuta farashi da Faransanci, a rubuta bayanin kowane hoto. Wanda ya bar aji don biki, a biki zai tsaya. Ga Jami'ar André Salifou a garin nan. Ɗalibi mai kamara a can ba ya rasa kuɗin kwafin darasi.

Ƙura da zafi fa?

Da hunturu kada ka cire idon kamara a waje, ko da sau ɗaya. Ka shiga ɗaki, ka juya bakinta ƙasa. Ka sayi ɗan famfon roba na hura iska, ban da hurawa da baki, ban da gefen rawani. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke haura 40, kada ka bar ta a akwatin babur ko a rana. Hazo kuma ba abokin gaba ba ne, yana tausasa rana, fuska ta fi kyau a cikinsa. Caji kuwa, duk lokacin da ka ga wuta ka sa, kada ka ce sai dare.

Masu hoto suna cewa in ƙara musu fari. In yi?

Snapseed ko Lightroom na waya sun isa gyaran haske, daidaita launi da cire ɗan ƙurji. Za a ce maka, "Ka ɗan haska ni." Nakan haska hoton, ba na sauya mutum. In ka mayar da baƙar amarya fara sol, fuska ba ƙofar gashi kamar roba, yau za ta yi murna, amma hannunta da wuyanta za su tona ka, dangin miji kuma suna da idanu. Ka nuna mata biyun a gefe da gefe. Yawanci wanda ya yi kama da ita ranar da ta fi kyau take zaɓa.

Na tura hotuna ta WhatsApp, an kai wanki sun fito a dushe. Me ya faru?

WhatsApp yana matse hoto don ya yi sauƙin tafiya. Ka tura shi a matsayin takarda, wato ta inda ake tura fayil, ba ta inda ake zaɓar hoto ba, sai ya isa da cikakken nauyinsa. In suna da yawa ka zuba a kile USB, ka sa kuɗinsa cikin ciniki. Wanki kuma kai za ka kai da kanka, ka sa a fitar da guda ɗaya tukuna, ka fito da shi waje ka duba launin fuska a hasken rana kafin ka ce a ci gaba da sauran.